Shafin rubutu da Markdown: a fayil zan ajiye ko a databes?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a nan Tudun Wada, na ɗan koyi JavaScript da Node. Ƙungiyarmu ta marubuta sun ce in haɗa musu shafi da za a riƙa saka gajerun labarai da waƙoƙi da maƙaloli da Hausa, mutane kaɗan ne za su riƙa rubutu, yawancinsu kuma da waya. Ina so rubutun ya zama da Markdown. Wasu sun ce ba na buƙatar databes, in ajiye fayil kawai, wasu kuma sun ce in buɗe Supabase in rubuta fankshin a cikin databes ɗin. Gaskiya na rikice. Wanne zan bi, kuma waɗanne fankshin ne dole in rubuta?"

Wa alaikumussalam ƙanina, Allah ya yi wa karatu albarka. In na fahimce ka abu biyu kake tambaya, na farko ina rubutun zai zauna, na biyu kuma wane aiki za ka bar wa databes wane kuma za ka bar wa kod ɗinka na Node. Duk waɗanda suka ba ka shawara babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sai dai kowa ya amsa ne gwargwadon irin aikin da ya saba yi, kai kuma amsarka tana cikin jimlar da ka rubuta da kanka, inda ka ce yawancinsu da waya za su yi rubutu.

Bari mu fara da shi Markdown ɗin. John Gruber ne ya fito da shi a 2004, Aaron Swartz ya taimaka masa, manufar kuma ita ce mutum ya yi rubutu zalla wanda ko ba a juya shi zuwa HTML ba, wato harshen da burauza ke nuna shafi da shi, ido zai iya karantawa, alamar # ta zama kanun magana, taurari biyu su kaurara kalma, shikenan. Matsalar ita ce da farko ba a tsayar masa da ƙa'ida sosai ba, sai kowace laburare, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta kake ɗauka ka yi aiki da shi, ta riƙa fassara shi yadda ta ga dama, har sai da aka zo da CommonMark, wato tsayayyiyar ƙa'idar fassara Markdown, a 2014, daga baya a 2017 GitHub ta ɗora nata tsarin a kansa ta ƙara tebur da 'yan wasu abubuwa. Abin da ya shafe ka a nan shi ne ka zaɓi laburare ɗaya mai bin CommonMark, ni markdown-it nake amfani da ita a Node, kuma ita ɗin ce za ta nuna wa marubuci samfuri yana rubutu, ita ce kuma za ta juya rubutun ranar bugawa. In ka yi amfani da biyu daban, wata rana mutum zai ga abu ɗaya a samfuri ya ga wani daban bayan an buga, kai kuma za a kira.

Masu cewa fayil kawai

Suna da hujja mai ƙarfi. Jekyll tun 2008 yana nan, Hugo tun 2013, ga Eleventy ga Astro, duk aikinsu su kwashi fayilolin Markdown su mayar da su shafukan HTML da aka gama dafawa, ka ɗora a GitHub Pages ko Cloudflare Pages ba ko kwabo, yana buɗewa da sauri ko a netwok ɗin da ke jan ƙafa, kuma babu sabar da za a fasa tunda babu abin da ke gudu a baya. Da kai kaɗai ne za ka riƙa rubutu wallahi da nan zan ce ka tsaya, kar ma ka karanta sauran amsar.

To amma ba kai kaɗai ba ne. Ka ɗauko malamar da ke rubuta waƙa a Tecno ɗinta bayan isha'i, ka ce mata ta buɗe Git, manhajar da masu kod ke ajiye fayiloli da tarihin gyaransu, ta yi komit wato ta shigar da gyaranta, ka san ba zai yiwu ba. Abin da zai faru shi ne kowa zai turo maka rubutunsa ta WhatsApp, kai za ka gyara ka ɗora, in an ga kuskuren harafi ɗaya kai za a nema, ranar da ka shiga jarabawa ko ka tafi bautar ƙasa shafin ya tsaya cak. Na ga ƙungiyoyi a garin nan da shafinsu ya mutu ta wannan hanyar, ba don kod ya lalace ba sai don yaron da ya iya ɗorawa ya bar gari. Akwai hanyar tsakiya irin Decap CMS da ke ba wa marubuci fom ya rubuta shi kuma ya tura Git a ɓoye, tana aiki, amma da zarar an fara cewa wane ne edita, wane ne ba zai iya bugawa ba sai an duba, a dawo min da rubutuna na jiya, to kana ta kewaye ne a kan abin da databes ke yi a sauƙaƙe. Don haka ni a naka aikin databes nake gani.

Wanne databes kuma, SQLite ko PostgreSQL. SQLite fayil ɗaya ne tak, Richard Hipp ya fara shi a 2000, yana cikin wayar da ke hannunka yanzu haka, kuma ga shafin da mutane kaɗan ke rubutu jama'a ke karantawa ya isa har ya yi yawa. Mutum ɗaya ne ke iya rubutawa a lokaci guda, amma in ka kunna wani saitinsa da ake kira WAL masu karatu ba sa jiran mai rubutu. Sharaɗinsa ɗaya, sai masaukin da ka ɗora shi yana da faifai mai zama, don da yawa daga masaukan kyauta suna share faifai duk lokacin da sabar ta sake tashi, ka wayi gari babu rubutu ko ɗaya. Supabase kuwa PostgreSQL ne a ƙarƙashi, sun haɗa maka da shiga da kalmar sirri da wurin ajiye hotuna, ga ɗalibin da biyan dala kowane wata zai yi masa nauyi wannan babban sauƙi ne, sai dai ka sani a tsarinsu na kyauta in aka yi kamar mako ba motsi sukan dakatar da aikin sai ka shiga ka tada shi. Tunda ba ka da kuɗin sabar taka, ka tafi Supabase ɗin, amma ka riƙe a ranka cewa PostgreSQL kake koya, shi ne zai bi ka duk inda ka je aiki.

Abin da za ka ajiye

Tebur kaɗan kake buƙata, na marubuta, na rubuce-rubuce, na rukuni, ƙaramin tebur mai haɗa rubutu da rukuninsa, sai na tsofaffin kwafi. A teburin rubuce-rubuce ka sa take, guntun sunan da zai fito a adireshi, matsayi wato daftari ne ko an buga ko an janye, lokacin ƙirƙira da na gyara da na bugawa, sai gurbi biyu na jikin rubutu, ɗaya Markdown ɗin kamar yadda marubuci ya buga da hannunsa, ɗaya HTML ɗin da aka juya. A nan ne nake so ka dage. Markdown shi ne hatsinka a rumbu, HTML tuwo ne, kullum za ka iya sake tuƙa wani daga hatsin amma tuwo ba ya komawa dawa. An taɓa kawo min wani shafi da HTML kawai aka ajiye, suna so a canza fasalin hotuna a duk rubuce-rubucen, aikin da ya kamata ya zama gyara layi ɗaya a sake juyawa sai ya zama bin rubutu ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ka juya Markdown zuwa HTML lokacin da aka danna ajiye, ba lokacin da mai karatu ya buɗe ba, don ana rubutawa sau ɗaya ne ana karantawa sau ɗari.

Fankshin ɗin da kake tambaya ba su da yawa, ajiye daftari, buga rubutu, kawo rubutu ɗaya ta sunan adireshinsa, jero na baya-bayan nan, nema, da janyewa. Janyewa na ce ba gogewa ba, ka canza matsayi kawai, don marubuta sukan yi fushi su ce a cire, bayan kwana biyu su ce a mayar. Wajen jerowa kar ka kwaso jikin rubutu gaba ɗaya, take da ɗan taƙaitawa da sunan marubuci sun isa, kuma ka kwaso su da tambaya ɗaya mai JOIN, wato mai haɗo tebur biyu tare, ba ka kawo rubutu ashirin sannan ka koma databes sau ashirin neman sunan kowane marubuci ba. Ka sa fihirisa, wato index mai saurin gano layi, a kan matsayi da lokacin bugawa tunda su ne shafin farko zai riƙa tambaya kullum.

Ina kowanne zai zauna? Ma'aunin da nake bi shi ne, duk dokar da in aka karya ta bayanai sun lalace, a cikin databes take zama. Kar rubutu biyu su sami adireshi ɗaya, wannan dokar databes ce da ake kira UNIQUE. Kar matsayi ya zama wani abu ban da ukun nan, CHECK ne. Duk gyara a ajiye tsohon kwafi, tiriga ce, wato aikin da databes ke yi da kansa da zarar an taɓa layi, ta yadda ko ta ina gyaran ya shigo ba za a manta ba. Bugawa ma ta dace da fankshin na PL/pgSQL, harshen rubuta fankshin a cikin PostgreSQL, saboda abubuwa ne da dama da dole su faru tare ko kar su faru sam, a duba mai dannawa edita ne, a canza matsayi, a sa lokaci, in ɗaya ya gaza duka su koma yadda suke. Amma juya Markdown da tsaftace HTML da rage girman hoto, waɗannan na Node ne, kar ka cusa su cikin SQL don kawai an ce maka databes na iya fankshin, za ka wahala wajen gwaji kuma laburaren kirki duk suna can ɓangaren JavaScript. Sannan duk fankshin da tiriga da ka rubuta ka ajiye su a fayil na SQL cikin Git ɗinka, ba ka buga su a allon Supabase kawai ka wuce ba.

Wani abu game da Supabase da ɗalibai ke tsallakewa kuma yana ba ni tsoro. Burauzar mai karatu tana magana da databes kusan kai tsaye, da mabuɗin da kowa zai iya gani a kod ɗin shafin. Abin da ke tsare ka shi ne RLS, dokar da ke cewa wane layi wa zai gani, wadda PostgreSQL ya samu tun siga ta 9.5 a 2016. In ba ka kunna ta a tebur ba, duk wanda ya san hanya zai karanta daftarin mutane har ya goge. Ka kunna a kowane tebur, ka rubuta cewa baƙo abin da aka buga kawai zai gani, marubuci nasa kawai zai gyara. Ɗaya mabuɗin na service_role yana tsallake duk wannan, don haka a sabar kawai yake zama. Haka fankshin da ka sa wa SECURITY DEFINER, da ikon mai shi yake gudu ba na mai kiransa ba, dole a cikinsa ka duba wa ke kira da kanka.

Inda Hausa ke kama mutum

Darussan da kake kallo a YouTube ba za su faɗa maka wannan ɓangaren ba don da Turanci suke gwaji. Na farko alamar nan ta 'yan da 'ya'ya da sana'a da jama'a. In kana haɗa tambayar SQL ta hanyar manna rubutun mutum a ciki, take na farko mai ɗauke da "'yan'uwa" zai fasa ta, don wannan alamar ce SQL ke rufe zance da ita. Kar ka ce za ka magance ta da cire alamar, ƙofar da ta fasa ɗin ita ce ɓarawo ke shigowa ta ciki ya tura nasa umarnin. Maganin shi ne tambaya mai gurbi, ka rubuta $1 da $2 ka miƙa rubutun daban, a cikin PL/pgSQL ma in ka yi EXECUTE ka bi ta USING.

Na biyu haruffa masu lanƙwasa. Yadda yawancin mutane ke ƙera sunan adireshi shi ne su warware harafi daga alamar da ke kansa sannan su zubar da duk abin da ba a zuwa z ba, wannan yana yi wa é na Faransanci aiki, amma ƙ da ɗ da ɓ a Unicode haruffa ne masu zaman kansu, ba sa warwarewa, sai a zubar da su ɗungurungum. Take "Ɗaliban ƙasa" ya koma aliban-asa. Ka rubuta ɗan fankshin naka da zai mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ƴ zuwa y, manya da ƙanana, kafin komai. Bayan haka ƙasa da kasa za su iya cin karo a adireshi, UNIQUE zai kama, sai ka ƙara lamba a ƙarshe. Kuma da zarar an buga kar adireshin ya canza ko an gyara take, don an riga an watsa shi a gurup-gurup.

Nema ma haka. Rabin masu karatunka ba su da ƙ a allon wayarsu, za su rubuta kungiya suna neman ƙungiya. Ka ƙara gurbi na musamman don nema inda ka sauke duk lanƙwasa, ka daidaita alamar ' tunda wata wayar miƙaƙƙiya take sawa wata mai lanƙwasa, sannan abin da mai nema ya rubuta shi ma ka bi da shi ta wannan fankshin ɗin. PostgreSQL ba shi da tsarin nema na Hausa, don haka ka zaɓi tsarinsa mai suna simple, kar ka bar shi a english ya riƙa yanke wa kalmominmu wutsiya da zubar da wasu, in kuma kana so makaranta ta kawo makarantu, wani ƙari na PostgreSQL mai suna pg_trgm yana taimakawa don kamannin haruffa yake dubawa. Wanda ya zaɓi SQLite ya sani lower() ɗinsa haruffan Turanci kawai ya sani, Ƙ babba ba za ta sauko ba, a JavaScript za ka yi wannan.

Tunda ka ce akwai waƙoƙi, ga wadda za ta fara kawo maka ƙorafi. A Markdown sauka layi ɗaya ba ya raba layi, sai baitin mai ɗango biyar ya haɗe ya zama sakin layi guda. A markdown-it ka kunna saitin da ake kira breaks, magana ta ƙare. Kuma mutanenmu WhatsApp ya koya musu tauraro ɗaya shi ne kauri, a Markdown kuwa tauraro ɗaya karkata rubutu yake yi, don haka ka sa maɓallai a saman wurin rubutu su danna kawai. In za a kawo aya ko hadisi ko ajami, sa dir="auto" a kan sakin layi, burauza da kanta za ta juya shi dama zuwa hagu.

Tsaro kuwa, Markdown yana barin HTML ya wuce ta cikinsa, wato marubuci ko wanda ya sace kalmar sirrinsa zai iya dasa kod da zai gudu a wayar duk mai karatu. markdown-it tana zuwa da wannan a kashe, ka bar shi a kashe. In laburaren da ake kira marked ka ɗauka ita ba ta tsaftacewa, sai ka bi HTML ɗin da DOMPurify, laburare mai cire mugun kod, bayan juyawa, kuma a sabar, ba a burauzar marubuci kawai ba. Kar ka ce ai duk 'yan ƙungiya ne mun san juna, waya ake sacewa.

Wuta da netwok

Mutum zai yi awa yana rubutu a Rigasa ko Kawo, caji ya ƙare ko netwok ya ɗauke daidai lokacin da ya danna ajiye. In rubutun ya ɓata sau ɗaya ba zai sake yarda da shafinka ba, zai koma Facebook, kuma ina ganin gaskiyarsa. Ka sa wurin rubutun ya riƙa ajiye kwafi a localStorage, ɗan ma'ajin da burauza ke da shi a cikin wayar, duk bayan 'yan daƙiƙu. Sannan in netwok ya yi nauyi mutane danna maɓalli suke yi sau uku, don haka wayar ta ƙirƙiri lambar rubutun, UUID, tun kafin turawa, ajiyewar kuma ta zama INSERT mai ON CONFLICT, wato in lambar tana nan kar a sake sabon layi, ko sau nawa aka danna layi ɗaya ne. Ka ƙara lambar siga a kowane rubutu, in edita da marubuci suka buɗe tare wanda ya zo na biyu a ce masa an gyara a bayanka, maimakon ya shafe aikin ɗan'uwansa bai sani ba.

Hoto ba ya shiga databes, wurin ajiyar fayil yake zuwa, adireshinsa kawai ke shiga Markdown. Ka rage faɗinsa ka mayar da shi WebP, nau'in hoto marar nauyi, kafin ajiyewa, data kuɗi ce ga mai karatu, kuma ka goge bayanan EXIF don hoton waya kan ɗauko har wurin da aka ɗauke shi, wanda zai iya zama gidan mutum. Lokaci ka ajiye a timestamptz, gurbin lokaci na PostgreSQL mai la'akari da bambancin agogon ƙasashe, ka nuna shi da agogon Najeriya, wato Africa/Lagos, awa ɗaya muke gaban UTC, in ba haka ba abin da aka buga sha biyu da rabi na dare zai fito da kwanan watan jiya. In kuma daga baya za ku karɓi imel ko lambar wayar masu karatu, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023 a ƙasar nan, ku karɓi iya abin da kuke buƙata kawai.

Duk wannan na auna shi ne da girman aikin da ka kwatanta, marubuta kaɗan da masu karatu daidai gwargwado, kuma irin shafukan da ni ma na fi yi ke nan. In ya girma ya zama jarida mai editoci hawa-hawa da biyan kuɗi da jama'a masu tururuwa lokaci guda, lissafin zai canza, za a shigo da wasu dabarun ɗaukar nauyin jama'a da yawa, irin su kash da CDN da layin ayyuka, wannan kuma zama ne daban da wanda ke riƙe da irin wannan shafin kullum.

Kafin ka ba wa kowa adireshin, ka gwada abu ɗaya. Ka yi pg_dump, umarnin da ke kwafe databes ɗin gaba ɗaya zuwa fayil, ka ɗauki fayil ɗin ka zuba shi a sabon databes a kwamfutarka, ka tabbatar rubuce-rubucen sun dawo da lanƙwasarsu. Ka ƙara ƙaramin fankshin da zai fitar da kowane rubutu a matsayin fayil na .md da take da kwanan wata a samansa, ka riƙa ba wa sakataren ƙungiya kwafi duk wata a filashi ko Google Drive ɗinsa, kuma asusun Supabase da na sunan shafin, ko .ng ne ko .com.ng, a buɗe su da imel na ƙungiya ba naka ba, mutum biyu aƙalla su san kalmar sirrin.